SANIN MAI SHIGA: YADDA WAYA DA KWAMFUTA KE TABBATAR DA MAI SU

A farkon shekarar 2023, bayan da aka canja fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, kuɗin hannu suka yi wuya a duk faɗin ƙasar nan. Mutane da yawa waɗanda ba su taɓa sayen ko da gishiri ta waya ba, dole ta sa suka koya. A unguwar Damilu da ke Jimeta, kamar sauran unguwannin biranen Nijeriya, mai tireda da mahauci da mai Keke Napep duk suka koma karɓar kuɗi ta waya, rumfunan masu POS kuma suka cika bakin titi. Daga baya kuɗin hannu sun dawo, amma al'adar ta zauna. Yau dukiyar mutum, kaɗan ce ko mai yawa, tana iya zama a bayan lambobi huɗu da ya riƙe a ka, ko kuwa a bayan zanen babban yatsansa.

Wannan darasi zai bayyana abin da ke faruwa a cikin na'ura tun daga lokacin da mutum ya danna lambarsa ta sirri har zuwa lokacin da aka buɗe masa. Amfanin sanin haka kuwa shi ne, duk wanda ya gane wane ne ke da hurumin tambayarsa sirrinsa, da wanda ba shi da hurumi, da wuya a yaudare shi.

MAIGIDA DA 'YAN HAYA

Kowace wayar zamani da kowace kwamfuta tana aiki ne da umarnin da mutane suka rubuta suka zuba mata. Wannan rubutaccen umarni shi ake kira manhaja. Manhajoji kuwa iri biyu ne. Akwai babbar manhaja, wadda ke riƙe da ragamar na'urar baki ɗaya. Ita ke kunna fuskar waya, ita ke karɓar abin da aka danna, ita ke ajiye hotuna da saƙonni, ita ce kuma ke da iko a kan kyamara da wurin ɗora yatsa. Android, wadda ke cikin wayoyin Tecno da Infinix da Samsung, babbar manhaja ce. Haka iOS ta wayoyin iPhone, haka Windows da Linux na kwamfutocin ofisoshi da makarantu. Sa'an nan akwai ƙananan manhajoji, watau waɗanda mutum ke saukewa daga baya don wata bukata tasa: ta banki, ta hira da 'yan'uwa, ta karatu, ta kallon ƙwallo.

Zaman waɗannan biyu kamar zaman gidan haya ne. Babbar manhaja ita ce maigida, ƙananan kuwa su ne 'yan haya. Kowane ɗan haya da ɗakinsa, ba mai leƙa ɗakin wani, makullin ƙofar gida kuma yana hannun maigida. A cikin Android haka abin yake a zahiri, domin kowace ƙaramar manhaja ana ba ta lambarta ta daban da wurin ajiyarta na daban, kamar dai ita ma mutum ce mai zaman kanta. Shi ya sa waya kan tsaya ta tambayi mai ita ko ya yarda wata manhaja ta karanta saƙonninsa, ko ta ɗauki hoto. Ɗan haya ne ya nemi abin da ba nasa ba, maigida kuma ya ƙi ba shi sai an yi shawara.

To, a ce manhajar banki tana son ta tabbatar cewa wanda ke riƙe da wayar shi ne mai asusun. Hanyoyi biyu ne a gabanta: ko ta ajiye sirrin mutumin a ɗakinta ta riƙa gwadawa da kanta, ko kuwa ta je ta tambayi maigida. Tarihin wannan fanni, na shekara sittin da ɗoriya, tarihi ne na yadda masana suka gane da kaɗan kaɗan cewa hanya ta biyu ta fi.

Wanda ya taɓa shiga kara, ta Ngurore ko ta Mubi, ya riga ya san wannan hikima. Baƙo ba ya sayen sa a hannun baƙo kai tsaye, sai da dillali a tsakani. Mai saye bai san mai sayarwa ba, ba ya kuma bukatar ya bi shi ruga ya binciki asalin garkensa. Dillali ne ya san shi, shi ne ke tsaya masa, shi ne kuma za a nema in daga baya aka ce san na sata ne. Abin da mai saye ke bukata daga bakin dillali bai wuce kalma ɗaya ba: ya san mutumin, ko bai san shi ba. Abin da ƙaramar manhaja ke bukata daga babbar manhaja ke nan, ba ƙari.

YADDA AKA FARO

A shekarar 1961, a Cibiyar Fasaha ta MIT da ke Amurka, wani malami mai suna Fernando Corbató da abokan aikinsa suka ƙera tsarin da mutane da yawa za su yi aiki da kwamfuta ɗaya a lokaci ɗaya. Don kada wani ya shiga takardun wani, sai aka ba kowa kalmar sirri. Amma an rubuta kalmomin nan ne a fili cikin fayil guda, kamar yadda malamin makaranta ke rubuta sunayen yara a rajista. Ba a jima ba, a 1962, wani ɗalibi mai suna Allan Scherr, wanda lokacin da aka ware masa na aiki da na'urar bai ishe shi ba, ya sa aka buga masa fayil ɗin gaba ɗaya a takarda, ya riƙa shiga da sunayen wasu. Tun daga ranar farko, ke nan, aka ga illar ajiye sirri a fili.

Maganin da aka samo shi ne a daina ajiye kalmar ita kanta. Wanda ya kai gero inji aka niƙa masa, ba shi da dabarar da zai mai da garin ya koma tsaba. Masana lissafi sun samo irin wannan inji na ƙididdiga: a zuba masa kalma, ya niƙe ta, ya fito da wani jerin haruffa da lambobi marasa ma'ana. Duk lokacin da aka zuba kalma ɗaya, jeri ɗaya zai fito. In aka canja ko harafi guda, jerin duka ya canja. Daga jerin kuma ba a iya komawa baya a gano kalmar. Saboda haka garin kaɗai na'ura ke ajiyewa. In mutum ya zo shiga ya danna kalmarsa, sai a niƙa ta nan take a gwada da garin da ke ajiye. In sun yi daidai a buɗe masa, in ba su yi ba a hana shi. Ko mai kula da na'urar bai san kalmar ba.

Babbar manhajar Unix, wadda aka fara rubutawa a ɗakunan bincike na kamfanin Bell a 1969, ta bi wannan hanya. A 1979 Robert Morris da Ken Thompson suka bayyana wani ƙarin da suka yi, wanda har yau ake kira gishiri. Kafin a niƙa kalmar mutum sai a barbaɗa mata wasu lambobi na kansa, waɗanda na'ura ta zaɓa bisa ƙuri'a. Da wannan, ko mutum biyu sun zaɓi kalma ɗaya, garinsu ba zai zo ɗaya ba, ɓarawo kuma ba zai iya shirya jadawalin gari tun daga gida ya zo yana dubawa ba. A tsarinsu na farko kalma ɗaya tana iya fita ta fuska 4,096. Mutanen biyu sun kuma tattara kalmomin sirri 3,289 da jama'a ke amfani da su, suka tarar kashi 86 cikin ɗari masu sauƙin cinka ne: gajeru ƙwarai, ko sunaye, ko kalmomin da ke cikin ƙamus. Halin ɗan Adam a wannan wuri bai canja ba. A 2009 aka fasa rumbun wani kamfanin intanet na Amurka mai suna RockYou, aka kwashe kalmomin sirri fiye da miliyan 32, waɗanda kamfanin ya ajiye a fili ba niƙa, shekara talatin bayan an nuna wa duniya yadda ake yi. Da aka duba, kalmar da ta fi yawa a ciki ita ce 123456.

Da farko a Unix kowa na iya karanta fayil ɗin garin, bisa tunanin cewa gari ba ya komawa tsaba. Amma da kwamfutoci suka ƙara sauri, sai ɓarayi suka koma kwafe fayil ɗin, su zauna a ɓoye suna niƙa kalmomin ƙamus ɗaya bayan ɗaya har su dace. Don haka daga shekarun 1980 aka mai da garin wani fayil na daban wanda babbar manhaja da mai kula da ita kaɗai ke iya buɗewa. Wannan mataki ne ya yanke magana. Daga nan ƙaramar manhaja, ko tana so, ba ta da hanyar da za ta gwada kalmar mutum da kanta. Tilas ta tambaya.

YADDA AKE TAMBAYAR

A 1995 kamfanin Sun Microsystems ya gabatar da wani tsari da ake kira PAM, wanda Linux da 'yan'uwanta ke amfani da shi har yanzu. A ƙarƙashinsa, mai rubuta ƙaramar manhaja ba ya damuwa da inda aka ajiye sirri, ko yadda aka niƙa shi. Manhajarsa sai ta ce wa babbar manhaja, ga wani ya zo ya ce shi ne wane. Babbar manhaja ta ce a tambaye shi kalmarsa. A tambaye shi, a miƙa. Ita ce za ta niƙa, ta gwada, ta ba da amsa: i, ko a'a. In gobe ma'aikata ta yanke shawarar a daina amfani da kalma a koma kati ko yatsa, mai kula da na'ura ne zai gyara wuri ɗaya, ba sai an sake rubuta kowace manhaja ba. Windows ma tana da nata ƙofofin da manhajoji ke bi su yi irin wannan tambaya.

Ya kamata a lura cewa tambayoyin biyu ne, ba ɗaya ba. Ta farko, shin shi ne? Ta biyu, shin an yarda masa ya yi abin da yake nema? Ma'aikacin da aka sallama jiya, kalmarsa daidai take, shi ɗin ne kuma, amma ba shi da sauran izinin shiga. Mai rubuta manhaja da ya yi tambaya ta farko ya manta da ta biyu, ya bar ƙofa a buɗe.

Akwai kuma wani aiki da maigida ke yi wanda ɗan haya ba zai iya yi da kyau ba, watau ƙirga kuskure. Lambar sirri mai lambobi huɗu ba ta wuce fuska 10,000 ba, mai shida kuwa miliyan ɗaya. Kwamfuta na iya gwada dubu goma kafin ƙiftawar ido. Abin da ke kare mai lambar ba wuyarta ba ce, iyakar da aka sa ce. Na'urar ATM da ta ga kuskure sau uku sai a toshe katin. Waya kuwa in aka yi ta kuskure sai ta sa mutum jira, jiran kuma ya riƙa tsawo. Wanda wannan ya taɓa ba shi haushi a bakin banki, ya sani cewa wannan haushin shi ne katangarsa.

Amma tsarin da aka bayyana yana da rauni ɗaya. Kalmar tana ratsawa ta hannun ƙaramar manhaja kafin ta isa ga maigida, kamar ɗan aike da aka ba wasiƙa ba a manne ba. In ɗan aiken mugu ne, ya karanta. Mafi muni ma, mugun mutum na iya zana hoton ƙofar shiga na ƙarya, mai kama da na gaske, mutum ya danna sirrinsa a ciki. Don maganin wannan ne Windows NT, wadda ta fito a 1993, ta sa a danna maɓallai uku tare, Ctrl da Alt da Del, kafin a shiga, domin babbar manhaja kaɗai ke iya amsa wannan kira. Ma'aikatan ofis da yawa sun yi shekaru suna danna su ba tare da sanin dalili ba.

YATSA DA FUSKA

Wayoyin zamani sun ɗauki mataki na uku, inda ƙaramar manhaja ba ta ko ganin sirrin. A 2013 kamfanin Apple ya fito da waya mai karanta zanen yatsa, a 2017 kuma mai gane fuska. Android ta buɗe wa masu rubuta manhaja ƙofar amfani da yatsa a 2015, sa'an nan a 2018 ta mai da akwatin tambayar ya zama nata na kanta. Yau in manhajar banki ta ce a ɗora yatsa, akwatin da ke fitowa ba bankin ne ya zana shi ba, babbar manhaja ce.

A cikin irin waɗannan wayoyi akwai wani keɓaɓɓen sashe, kamar ƙuryar ɗaki a cikin ɗaki, wanda ko sauran sassan babbar manhaja ba sa shiga. A nan ake ajiye awon zanen yatsa, a nan kuma ake gwadawa. Awon ba ya fita daga wayar, banki ba ya karɓarsa, kamfanin hira ba ya ganinsa. Manhajar da aka rubuta da kyau ma ba ta tsayawa ga jin "i" kawai, domin a wayar da aka yi wa kutse ana iya ƙirƙiro wannan amsa. Abin da take yi shi ne, ranar da mutum ya haɗa asusunsa da yatsansa, sai ta roƙi babbar manhaja ta ƙera wani mabuɗi na lissafi ta kulle a ƙuryar nan, a aika wa banki abokin haɗinsa. Mabuɗin ba ya aiki sai yatsa ya yi daidai. In ya yi, sai a buga wa saƙon hatimi da shi, kwamfutar banki ta duba hatimin ta gamsu.

Duk da haka akwai abin da kowane mai waya ya kamata ya riƙe da kyau. Wayar ba ta san sunan kowa ba. Abin da ta sani shi ne yatsun da aka yi mata rajista. A ce wani magidanci a Damilu ya ba ɗansa lambar buɗe waya don ya riƙa kira masa 'yan'uwa, yaron kuma ya ƙara nasa yatsan a ciki don sauƙi. Daga ranar, a wurin wayar, uba da ɗa mutum ɗaya ne. Manhajojin banki masu kyau sukan lura an ƙara sabon yatsa su nemi a sake shigar da kalmar sirri, amma ba duka ke yin haka ba. Lambar buɗe waya ita ce uwar makullai: wanda ya san ta yana iya ƙara yatsa, yana iya karanta saƙonnin banki. Wanda ke ganin ya huta da lambar tunda ya koma yatsa, bai fahimci tsarin ba.

RAJISTAR ƘASA DABAN TAKE

Kada a haɗa wannan da ɗaukar yatsa da hukumomi ke yi. A can tambayar ba ita ce ko wannan shi ne mai wayar ba. Tambayar ita ce ko wannan shi ne wane ɗan wane da ke cikin rajista. Hukumar NIMC, wadda aka kafa bisa dokar 2007, ita ke ba da lambar ɗan ƙasa ta NIN. Babban Bankin Nijeriya tare da bankuna suka ƙaddamar da lambar BVN ranar 14 ga Fabrairu, 2014. Kowace daga cikinsu lambobi goma sha ɗaya ce, kowace kuma an ɗaure ta da yatsu da hoton mai ita, waɗanda ke ajiye a rumbun hukuma. A Disamban 2020 Gwamnatin Tarayya ta ba da umarnin a haɗa kowane layin waya da NIN. Daga 2021 Hukumar JAMB ta wajabta NIN ga masu rajistar jarrabawa, ɗalibin Jimeta kuma ba ya shiga ɗakin jarrabawa sai ya ɗora yatsa an tabbatar shi ne ya yi rajista. A zaɓen 2023 Hukumar INEC ta yi aiki da na'urar BVAS, mai tantance mai zaɓe ta yatsa ko ta fuska.

Na'ura tana kuskure ta fuska biyu: ta karɓi wanda ba shi ba, ko ta ƙi mai gaskiya. Na biyun ya fi yawa, ba ya kuma duba girman mutum. A zaɓen 28 ga Maris, 2015, na'urar karanta katin zaɓe ta kasa tantance Shugaban Ƙasa na lokacin, Goodluck Jonathan, a mazaɓarsa ta Otuoke, sai da aka koma ga takarda. Magina da manoma da masuntan kogin Binuwai, waɗanda aiki ya cinye zanen yatsunsu, sun fi kowa gamuwa da wannan, haka kuma lokacin hunturu in fata ta bushe ta tsattsage. Lalle mai kauri ma yakan hana, har JAMB ta gargaɗi ɗalibai a kansa. Saboda haka kowane tsari na kirki yana tanadin hanya ta biyu, wanda na'ura ta ƙi kuma ba lalle ne maƙaryaci ba ne.

Abin da ya fi muhimmanci a nan shi ne, NIN da BVN suna ne, ba makulli ba. Suna nuna wane ne ake magana a kansa, amma faɗinsu ba ya tabbatar da cewa mai faɗin shi ne mai su, ko kuwa ma'aikacin banki ne. Duk da haka ba a watsa su, domin da su mazambaci ke gina amincewa.

INDA BANGO KE TSAGEWA

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Fasa ƙuryar waya ko juya niƙaƙƙen sirri aiki ne mai wuyar gaske, mazambata kuma ba sa wahalar da kansu a kansa. Mutum suke nema. Mai kira zai bugo da ladabi, ya faɗi cikakken sunan mai asusu, ya faɗi ranar haihuwarsa, wataƙila har da BVN ɗinsa, ya ce za a rufe asusun yau in ba a gyara ba. Sa'an nan ya ce akwai wasu lambobi da za su shigo yanzu ta saƙo, a karanto masa. Lambobin nan na amfani sau ɗaya su ne shaidar da kwamfutar banki ke jira don ta saki kuɗin. Wanda ya fahimci darasin da ya gabata zai gane ƙaryar nan take: an gina tsarin ne musamman don kada wani ɗan Adam ya bukaci jin sirrin. Ma'aikacin banki na gaskiya bai san lambar sirrin kowa ba, ba ya kuma bukatarta don ya yi aikinsa. Duk wanda ya nema da baki, ko daga ina ya ce yake, ya riga ya tona kansa.

Haka abin yake a rumfar POS. Mafi yawan masu wannan sana'a mutanen kirki ne masu neman halaliyarsu, amma ƙa'ida ɗaya ce ga kowa: mai kati shi ke danna lambarsa da hannunsa, ya kare da ɗaya hannun. Al'adar miƙa kati a faɗi lamba da baki, wadda tsofaffi da matan da ke aiken yara suka fi yi, ita ce ke rushe duk ginin. Wanda ba ya iya karatu yana iya koyon wurin maɓallai huɗu a yini ɗaya, ya fi masa alheri 'ya'yansa su zauna su koya masa da su riƙe masa lambar. Mai kai waya gyara kuma ya cire layinsa ya fita daga manhajar banki kafin ya miƙa, in aikin kuwa ba ya bukatar a buɗe wayar, kada ya ba da lambar buɗewa.

Hanya ta uku ita ce manhajar ƙarya. Akan turo ta cikin saƙo da sunan tallafin gwamnati, ko rance, ko ɗaukar aiki. Da an sauke ta sai ta nemi izinin karanta saƙonni, ko izinin bayyana a saman sauran manhajoji, ko izinin da aka tanada don taimakon makafi, wanda ke ba ta damar ganin duk abin da ke fuskar waya. Manhajar tocila ko ta wasa ba ta da abin yi da saƙonnin mutum. In maigida ya zo shawara a kan irin wannan roƙo, amsar ita ce a'a.

GA MASU KOYON SANA'AR

Matasa da yawa a Jami'ar Modibbo Adama, da Jami'ar Amurka ta Nijeriya da ke Yola, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Adamawa, suna koyon rubuta manhaja, wasunsu har sun fara yi wa makarantu da asibitoci da ƙungiyoyin adashi aiki. Jarabar da ke gaban sabon hannu ita ce ya buɗe jadawali ya zuba sunaye da kalmomin sirri gefe da gefe, domin ya fi sauri, yana kuma aiki. Wannan kuskuren 1961 ne. In babbar manhaja tana da ƙofar tantancewa, a bi ta. In tilas ne a ajiye sirri, a niƙa shi da gishiri ta hanyar da masana suka riga suka gwada, irin su bcrypt da Argon2, waɗanda aka ƙera su da gangan su yi jinkiri don su gajiyar da mai cinka. Kada mutum ya ƙirƙiro nasa injin niƙa, kome gwanintarsa. Kada kuma manhaja ta gaya wa mai shiga ko sunan ne ya kuskure ko kalmar, domin yin haka rabin amsa ne aka ba ɓarawo.

Wannan ba shawara kaɗai ba ce yanzu. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta ɗora wa duk mai tattara bayanan mutane alhakin tsare su, ta kuma sa awon yatsa da na fuska cikin bayanan da ke bukatar tsaro na musamman. Dalili a bayyane yake: kalmar da aka sace ana canja ta, yatsa kuwa goma ne, ba a sake su. Dokar Laifuffukan Intanet ta 2015 kuma ta tanadi ɗauri ko tara, ko duka biyu, ga wanda ya yi sojan gona da sunan wani.

LAYIN WAYA

Saura abu ɗaya da yawancin jama'a ke mantawa. Ɓarawon da ya fizge waya a tasha ko a kasuwa ba lalle ne ya iya buɗe ta ba. Amma yana iya zare layin ya sa a wata ƙaramar waya, nan da nan saƙonnin banki su fara zuwa hannunsa, ya kuma shiga gwada lambobin da ake dannawa don tura kuɗi ba tare da intanet ba. Kulle waya bai kulle layi ba, kowanne da nasa makulli. Kowane layi yana da wurin sa masa lambar sirri ta kansa, a cikin saitin tsaro na wayar. In an sa, duk wayar da aka kai shi sai ta nemi lambar. Kuskure uku ya toshe shi, sai da wata lamba mai lambobi takwas da ake kira PUK, wadda ke rubuce a jikin katin da layin ya zo a ciki. A ajiye wannan kati a gida, ba a cikin rigar waya ba.

In waya ta ɓace, banki ake fara nema, kafin ma a fara cigiya. Bankuna suna da lambar da ake dannawa daga kowace waya, ko ta maƙwabci ce, a rufe asusu nan take, ya kamata kuma mutum ya tambayi bankinsa wannan lamba tun yau ya rubuta a takarda. Bayan banki sai kamfanin layi, a rufe layin. Sa'an nan a kai rahoto ofishin 'yan sanda. Ranar da za a je karɓo sabon layi mai tsohuwar lamba, a tafi da NIN, domin da ita za a tabbatar cewa mai nema shi ne mai layin.